Ranar da Baba Tushe Ya Zama Na Goma

Allah ya yi wa unguwarmu ta bayan kasuwa a Urushalima baiwa iri-iri, amma babu kamar Farfesa Gedaliya Pinkas. Wasu unguwannin suna alfahari da asibiti, wasu da gidan burodi. Mu muna da mutumin da ya san asalin kome.

Shekara da shekaru yana yawo ƙasashen duniya yana koyar da cewa duk wani tunanin kirki da ɗan Adam ya taɓa yi, daga kakanninmu Ibraniyawa aka samo shi. Hutun ƙarshen mako, daga Asabar ɗinmu. Tsayawa gaban sarki a ce masa ya yi zalunci, daga annabawanmu. Tausayin maraya, haƙƙin lebura, barin gona ta huta, duk daga nan. Kuma a faɗi gaskiya, yawancin abin da yake faɗa haka yake. Sai dai yana faɗarsa kamar shi ya zaunar da kakannin ya koya musu. Shi ya sa muke kiransa Baba Tushe, shi kuwa ya ɗauka lambar girma ce.

Darasin da ya fi shahara da shi shi ne bambancinmu da Girkawa. "Girkawa mutanen surutu ne," in ji shi, "su zauna ƙarƙashin itace suna tambayar mene ne alheri. Ba'ibrane ba ya tambaya. Tashi yake ya aikata!" Yakan ɗauki rabin yini yana bayanin wannan, har sai masu sauraro sun fara jin tausayin Girkawa.

Ilminsa ba ya tsayawa a jami'a, bin sa yake har kasuwa. Yakan tsaya gaban mai zaitun ya ce, "Ka san ma'aunin gaskiya da kake awo da shi umarnin Attaura ne?" Yana magana yana ɗanɗana, baƙi da kore, har ya ƙoshi, sannan ya ce na yau gishirinsu ya yi yawa, ya wuce. Wata rana a cikin bas ya kama wata baiwar Allah yana mata bayanin cewa mutanen dā sun ɗauka zamani zagaye yake yi, mu muka miƙar da shi ya nufi gaba. Bayanin ya yi masa daɗi har ya wuce tasharsa, bas ta zagaya da shi gari ta dawo da shi inda ya hau.

Batun hutun Asabar kuwa, babu mai kiyaye shi kamarsa. Matarsa Tirza takan fara tsayuwa a kicin tun Alhamis don ya samu ya huta yadda annabawa suka so.

Ƙaramar majami'armu tana ƙasan gidansa, amma bai taɓa shiga ba. Ɗaki ɗaya ce, fankarta tana kuka, masu zuwa kuma direbobi ne da tsofaffi. Shi a babbar majami'ar cikin gari yake ibada, inda baƙi daga waje suke nuna shi da baki. Giwa ai ba ta sha a kwatami.

To, ranar da abin ya faru, Rahamim Sasson mai gyaran famfo ya shigo a guje da yamma, rigarsa jiƙe da gumi. Ranar ce mahaifiyarsa ta cika shekara da rasuwa, kuma wajibi ne ɗa ya karanta mata Kadish, addu'ar da ake yi wa mamaci, kafin rana ta faɗi. Ya wuni a asibiti matarsa na naƙuda, ibadar safe ta wuce shi. Saura ta yamma kaɗai. Kadish kuwa ba a karanta ta sai da maza goma a ɗaki ɗaya. Aka yi rashin sa'a ana buga babban wasan ƙwallo, rabin masu tsoron Allah na unguwar suna gaban talabijin.

Zekariya, tsohon da ke kula da majami'ar, ya ƙirga mu yadda aka saba, don ba a ƙirga mutane kai tsaye. "Ba ɗaya ba, ba biyu ba..." Ya tsaya a ba tara ba. Rana ta riga ta sauka kan rufin gidaje. Rahamim ya fita titi, ya dawo, ya sake fita. Can sai ga Baba Tushe tafe da jakarsa, yana tafiya kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

"Ranka ya daɗe, don Allah ka taimaka," in ji Rahamim. "Na goma muke nema. Mahaifiyata ce."

Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Rabin mutum kuwa ba ya cika goma.

"Na goma!" Ya ɗaga yatsa. "Ɗana, ka san girman abin da ka faɗa? Wannan goma ita ce tushen majalisa, ita ce tushen ƙuri'a! Kakanninmu suka ce kowane mutum cikin siffar Mahalicci aka yi shi. Malamai tara ba su cika goma ba, amma dukawa goma sun cika. Daga nan duniya ta koyi daidaito! Na faɗi wannan a Jamus, mutane suka miƙe tsaye."

"Mu ma a tsaye muke, ranka ya daɗe," in ji wani direba daga ciki. "Ƙafar ce dai ta rage."

"Haƙuri! Sai kun fahimci abin da kuke yi tukuna. Bari mu koma zamanin Ibrahim."

Rahamim ya dubi sama. Jan rana ya fara dusashewa. Amma ya kasa jan hannun babban mutum.

Zekariya ya matso, ya sa hannu a kunne. "Farfesa, wannan magana ta fi ƙarfin bakin ƙofa. Mu tsofaffi ba ma ji daga nan. Ga mumbari can babu kowa."

Ba a taɓa nuna wa Baba Tushe mumbari ya ƙi ba. Ya gyara wuyan riga, ya ɗago ƙafa ta biyu. Tana taɓa ƙasa mai jan ibada ya ɗaga murya, aka fara. Farfesa ya buɗe baki, aka yi masa "Shhh" daga kusurwa huɗu. Kafin ya gama mamaki an shiga addu'ar tsayuwa, wadda ake yi shiru, kuma ba a gitta gaban mai yin ta. Ya juya zai fita, sai ya iske Zekariya ya kafe a gaban ƙofa, idanu rufe, yana ganawa da Ubangijinsa a natse, kamar wanda ya tara buƙatun shekara. Dole mai daraja ya tsaya tsakanin direba da mai sayar da ƙwai, jaka a hammata, bakinsa rufe. Waɗanda suka san shi tun ƙuruciya sun ce ba su taɓa ganin haka ba.

Da aka kai ƙarshe Rahamim ya karanta Kadish. Muka amsa masa. Farfesa ma ya ce Amin, kuma wannan ita ce lacca mafi gajarta da ya taɓa yi.

Ana gamawa ya yi gyaran murya ya nufi mumbari. Sai dai jama'a sun riga sun rufu kan farantin burekas, irin samosar nan tamu, da ƙanwar Rahamim ta aiko, masu sauri kuma sun fice don su riski ƙarshen wasa. Rahamim kaɗai ya zo, ya kama hannunsa da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Allah ya saka maka, Baba. Ka fitar da ni kunyar uwata. Wallahi na ɗebe tsammani."

Farfesa ya gyara tsayuwa. "Na san da gangan kuka jira ni. Ba kowace uwa ake yi wa addu'a da irina a sahu ba."

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Rahamim yana share ido. "Mai kankana na fara roƙa. Shi dai yana da aikin yi."