Garwashi a Tukunyar Mama Linda

Ba zan taɓa mantawa da wannan ranar Sallah ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawa ba ne. An yi shekara ashirin da wani abu, amma ko yanzu na ji ƙamshin turaren kajiji a gidan biki, sai in nemi kujerar da ke kusa da ƙofa.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne. Mijina Alhaji yana cikin 'yan Kanon da suka fara zuwa Guangzhou ta ƙasar China sarin takalma da yadi. Ya ɗauko ni wata huɗu bayan rasuwar ɗana Sadik, wanda ƙyanda ta tafi da shi yana shekara biyu, wai in zo in canja iska. Iskar da na canja ita ce ta hawa na shida a wani dogon gini a unguwar Xiaobei. Alhaji ya fice kasuwa tun safe, ni kuma in wuni ina kallon kekuna ta taga. Na yi kuka a ɗakin nan har na gaji da jin muryata.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu Amurkawa ce, mata da miji, duk sun ba hamsin baya. Mama Linda da Baba Tom. Sun sayar da gidansu a can, sun dawo nan suna koyar da Turanci, kuma ban taɓa ganin mutanen da gari ya karɓa kamarsu ba. Da sassafe suna wajen shan shayi da tsofaffin unguwa, da yamma suna bakin kogi. Babu bikin da ke wuce su. Da Kirsimeti suka jawo wani ɗan iccen ado har hawa na shida, Baba Tom yana haki yana dariya. Gaskiya haushinsu na fara ji. Na ce a raina, ga waɗanda duniya ba ta taɓa mari ba, shi ya sa haƙora kullum a waje.

Mama Linda ce ta fasa ni. Ta ƙwanƙwasa ƙofa wata rana da faranti na wani kek mai tuffa a ciki. Da na mayar da farantin na zuba mata cincin, ta tambayi dalili, na ce mata a garinmu ba a mayar da kwano fayau. Abin ya burge ta har ta rubuta a ɗan littafinta. (Turancina na makarantar horon malamai ne, rabi da baki rabi da hannu, amma ta iya haƙuri da shi.) Daga nan ta fara jana yawo. Ita ta koya mini taya kaya da yatsu, ita ta sa na yi dariyar farko tun da aka fita da Sadik. Ban taɓa faɗa mata labarinsa ba. Ina tsoron in ɓata mata wannan fara'a, don a duk garin ita kaɗai gare ni.

A shekarar, Ƙaramar Sallah ta zo kusan tare da sabuwar shekarar mutanen China. Gari ya yi ja ko'ina. Su Mama Linda suka je kasuwar furanni suka dawo da ɗan iccen lemo a tukunya, suka lilliƙa jajayen takardu a ƙofa. Sai ta ce, "Ke da Sallah, su da sabuwar shekara, mu kuma 'yan cin arziki. Ku zo mu ci abincin rana tare."

Nan fa Bakanuwar cikina ta motsa. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kukar da nake ta tattali, na kai. Amma ina shiga falon sai hancina ya ce a'a. Gida tsaf, sai dai warin kifi da tafarnuwa na maƙwabta ya cika shi. Ranar Sallah guda, a ce gida babu turaren wuta? Na ƙudura zan nuna wa Amurka yadda ake ƙamshi a Kano.

Matsalar ɗaya ce. Kaskona ya fashe a hanya, kuma duk shagon da na shiga nema sai a ce mini "meyo", wato babu. A gwangwanin kifi nake turare a ɗakina. To ni da na sha leshi da gwaggwaro, in shigo gidan Turawa riƙe da gwangwanin kifi? Girman kaina bai yarda ba.

Baba Tom ya sauka sayo lemo, Alhaji bai dawo daga gaishe-gaishen Idi ba, Mama Linda tana kicin. Sai idona ya faɗa kan wata tukunyar tangaran mai zanen shuɗi, a kan kantar falo, kusa da iccen lemon. Na sha ganinta. Da Kirsimeti ma tana ƙarƙashin iccensu, an ɗaura mata jan ƙyalle. Na ɗaga murfin, sai ga toka. Na ji daɗi ƙwarai, domin kowace ƙofa a ginin nan akwai ɗan kasko mai toka da maƙwabta ke soka tsinken turarensu. Na ce ashe Mama Linda ma ta saya, ba ta dai san yadda ake amfani da shi ba. Na lura tokar tana da tsakuwa-tsakuwa kamar yashi, har na yi tsaki na ce ko toka ba su iya tankaɗewa ba a ƙasar nan.

Na tsallaka ɗakina na ɗebo garwashi a ludayi. Na sa cokali na gyara masa gurbi a tsakiyar tokar, na zuba, na barbaɗa turare. Hayaƙi ya tashi. Na ɗauki tukunyar ina zagaya falon da ita, ina bin labule da kujeru, har da 'yar rangwaɗa.

A haka Mama Linda ta fito da kwanon salak a hannu. Na ɗaga mata tukunyar ina murmushi, na ce, "Mama, barka da Sallah."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta dafa bango, ta ce, "Ajiye shi. Don Allah ajiye shi." Ina nan tsaye ina tunanin ko hayaƙi ne ba ta so, sai Baba Tom ya shigo. Ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna. Mutumin nan da ban taɓa ganin fuskarsa babu dariya ba, ya karɓi tukunyar da hannu biyu duk da zafinta, ya sa yatsunsa ya tsince garwashin ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa a faranti. Ina jin ƙaurin fatarsa.

Ya ce, "Ɗanmu ne. Daniyel."

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba, har sai da ya sake faɗa. Ni da na tashi a inda ake wanke mamaci a sa shi a ƙasa kafin rana ta faɗi, ban taɓa jin cewa ana ƙone mutum a zuba a tukunya a ajiye a falo ba. Na durƙusa cikin leshina ina salati, ina ba da haƙuri da Hausa, don Turancin ya gudu ya bar ni. Alhaji ya shigo da sallamarsa da fara'arsa ya tarar da mu a haka. Ba wanda ya ci tuwon nan.

Kwana tara ban leƙa waje ba. Ina jin ana ta wasan wuta da ganguna a titi, amma ƙofar da ke kallon tamu shiru. Kullum sai in ga hannuna yana juya cokali a cikin ɗan mutane. Na tabbata na rasa ta, kuma na san ni na jawo.

A rana ta goma aka ƙwanƙwasa. Mama Linda ce, riƙe da kwanon tuwona, an wanke shi an saka kek a ciki. Ta ce, "Kin ce ba a mayarwa fayau." Ta zauna a bakin gadona ta ba ni labari. Daniyel yana da shekara ashirin da biyu, harshen China ya karanta, ya riga ya sayi tikitin zuwa garin nan, mota ta kashe shi saura mako uku ya taso. Shi ya sa suka taho. Duk bikin da suke zuwa, nasa suke ci masa. Ta ce, "Tun da aka ba ni tukunyar nan ban iya ɗaga murfinta ba. Jiya na ɗaga. Ƙamshinki na ji."

Sai na tsinci kaina ina faɗa mata Sadik. Ta tambaye ni ina yake. Na ce a Kano, a maƙabarta, amma ban san gurbin ba, maza ne suka kai shi, mu mata ba ma bin gawa. Ta kalle ni da irin kallon da na yi wa tukunyarta bayan na gane. Ita ta kasa rabuwa da nata, ni ban san inda nawa yake ba. Muka yi kuka har kek ɗin ya huce.

Ta yafe mini. Baba Tom ma yana amsa gaisuwata, sai dai tabon ƙunar yana nan a yatsunsa har na bar garin, kuma ban ƙara ganin tukunyar a falo ba.

Tun daga ranar na daina jin haushin masu yawan dariya, don ban san abin da suka ajiye a kan kanta ba. Kuma ba na ɗaga murfi a gidan kowa. Ko tukunyar miya ce a gidan 'yata, sai na tsaya na tambaya me ke ciki. Jikokina suna mini tsiya, wai Hajiya ta cika iyayi. Ina ƙyale su.