Rariyar da Na Toshe da Siminti

Bara, da damina ta kawo kai, na rantse iskar hadari ba za ta sake yi min ɓarna a gidanmu na Marnona ba. Na ɗaure rumfa da igiya, na ɗora duwatsu kan kwano, na yaɓe katanga da hannuna. Magini ma ya zo, na sallame shi.

Da siminti ya yi saura, sai idona ya faɗa kan rariyar gindin katanga, inda ɓeraye ke shigowa. Na toshe ta, har na shafe da bayan cokali.

Inna, mahaifiyata, ta dube ni daga bakin ɗakinta. "Kai wanga, ruwa hwa, ta ina za su hita?"

Na ce, "Inna, aikin ga na masu lissahi na."

Ruwan farko ya sauko bayan la'asar. Rumfa ko motsi ba ta yi ba, ina ta murmushi, sai na ga takalmina yana iyo. Kafin in samo diga, ruwa ya kai gwiwa, ya jiƙa gindin rumbu. Washegari rumbun ya zauna da geronmu a ciki. Har kaka awo muka yi ta yi a kasuwa.

Maƙwabta suka sa min suna Dam ɗin Goronyo. Har yau, ko gajimare ya gifta, sai wani ya tare ni a ƙofar masallaci: "Malam, yaushe za a sako muna ruwa?"