Mai Jiƙa Iska

Wani ne can wajen Jabo, ban faɗin sunanshi don danginshi na nan da ransu. Shekarar da anka samu mulkin kai, birai sunka sa gonar masararshi gaba. Ita ɗai ce abincin gidanshi na shekara. Shina da adaka, irin bindigar da ake ɗura ma albarushi ta baki, amma biran sun san iyakar inda take kaiwa. Sai su hau wani dutse gaba kaɗan su zauna. In yah harba, babbansu ya duba inda dalmar taf faɗi, ya sosa ciki.

Ran kasuwar Tambuwal yat tarar da Dogo, tsohon soja, shina ba mutane labarin yaƙin Bama gindin durumi.

Dogo yac ce, "Can iska jiƙe take sharkaf. Hafsanmu ya koya muna, iska mai laima ta fi busassa rashin nauyi. Harsashin bindigar soja ya fi ratsa ta, har ya ɗan ƙara nisa."

Mutumin naku yam miƙe zumbur. "Ya ƙara nisa?"

"Eh, amma kaɗan fa, ko faɗin yatsa..."

Ina! Ya riga ya kai bakin kasuwa.

Da yak koma gida yac ce ma matarshi, "Yelwa, ɗauko tulu da tsintsiya. Ashe ba laifin bindiga ba ne, iskar garin ga ta bushe."

"Iska za mu wanke, Malam?"

"Jiƙa ta za mu yi. Ke dai ba ki san aikin soja ba."

"Kai yaushe kas san shi?"

"Yau."

Sunka tafi gona. Yelwa na tsoma tsintsiya cikin tulu tana yarfa ruwa sama, tun daga inda yat tsaya har kusa da dutse. Birai na bin ta da ido. Ta dawo jiƙe, iska ko a jikinta. Yad daidaita, yah harba, daram! Dalma taf faɗi inda ta saba faɗuwa. Babban biri ko juyowa bai yi ba.

"Kin gani, ruwanki ƙasa shika zuwa. Tururi muke so, shi ka tsayawa sama."

Washegari yas sa anka aro tukwanen unguwa duka, har da ta bikin Goggo, ƙanwar babanshi. Anka jera murahu daga kunyar farko har gindin dutse, anka hura wuta.

Yelwa tac ce, "Itacen ga duk a kan ruwan banza? Ko tsinke ba ni da shi a gida."

"To karyo masara ki zuba, tururin ya yi kauri."

Tak karyo, taz zuba. Tukwane sunka tafasa, gona tay yi fari fat awa gidan suna. Mutumin yaj ji daɗi, har yak kifa bakin bindiga bisa tukunya, wai dalmar ma ta saba da laima tun daga gida. Albarushi yas sha tururi yaƙ ƙoshi.

Wuta na lafawa, ƙamshi yak kai bisa dutse. Babban biri yaɗ ɗaga hanci, yas sauko, sauran na biye. Tukunya ta farko sunka kifar, sunka zauna suna hura masara suna gaigaya. Sai ta biyu. Sai ta ukku.

"Malam, harba mana!"

"Bari su shigo tsakiyar laima."

Sunka shigo. Yaj ja kunamar bindiga. Ƙyas. Yas sake ja. Ƙyas. Ruwa ne ma yaɗ ɗigo ta baki. Babban biri yat taho har gabanshi da masara a hannu, yab buɗe haƙora. Mutumin yay yar da adaka yaɗ ɗare bisa itacen ƙirya, takalmi ɗaya a ƙasa.

Daga can sama shina kallo sunka gama da tukwane, sunka faɗa gona, ba su bar ko goyo ɗaya ba.

Yal leƙo yac ce, "Yelwa, amma kin ga dabara ta fara ci. Jiya ba su yarda su matso, yau har gabana."

Yelwa na tsintar tsingaron tukunyar Goggo, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ta ci, Malam. Tunda kana kusa da su, tambaye su ko gishiri ya ji."