Zomayen da Na Kai wa Asabe Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga asibiti da zomaye ba, kuma ko da na so in manta, matan unguwarmu ta Dutse Uku ba za su bari ba. A ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Jos, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko.

Ina da aminiya, Asabe, tare muka tashi, gidan aurenmu ma katanga ɗaya ce ta raba. Ta daɗe da aure Allah bai kawo haihuwa ba. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta sha maganganun mutane, wanda shi ya fi komai ɗaci. Daga ƙarshe mijinta Malam Garba, direban babbar motar dankali, ya kai ta wurin likitan mata. Aka ɗora ta kan ƙwayoyi, aka ce kuma za a yi mata wankin mahaifa.

"Ke kaɗai na gaya wa," in ji ta. "'Yan unguwa na ce musu gyambon ciki ke damuna. Don Allah ki riƙe bakinki."

Na rantse mata har da dafa ƙirji.

Kullum ina ganin yadda take ramewa, dariyar nan tata da ake ji har bakin titi ta ɓace. Sai na ce lallai ranar aikin in kai mata wani abu na fatan alheri. Kayan jarirai dai ba su kyautu ba, sai ya zama kamar gori. Zuma da dabino kuwa kowa ma zai iya kaiwa, ni kuma ina son kyautar da za a ce malama ce ta yi tunaninta. (Wannan son a yaba min shi ne ciwona tun ina yarinya.) Ina cikin koya wa 'yan aji uku darasin dabbobi, sai dabara ta faɗo min. Wace halitta ce ta fi zomo haihuwa? In ta ga suna ta zuba 'ya'ya a tsakar gidanta, ai zuciyarta za ta yi sanyi, ta sa rai.

Na sami wani dattijo a Tina Junction da kejin zomaye. Na ce masa mata da miji nake so. Irin Hausar nan tasa ta kasuwa, komai a wurinsa "shi" ne. Ya ɗago fari ya ce, "Wannan shi yana da kyau." Ya ɗago baƙi ya ce, "Wannan ma shi yana haifuwa sosai." Ni kuwa girman kai ya hana in ce ban san yadda ake bambance su ba. Na gyaɗa kai irin na gwanaye, aka zuba min su a kwalin sabulu, na ɗaure da igiya.

Mai hankali gida zai kai su. Ni tasi na tare, na nufi asibiti, don in ba ta mamaki kafin a shiga da ita.

Na tarar da Asabe a kan benci cikin layin mata, ta haɗa kai da gwiwa. Na zauna kusa da ita, na ɗora kwalin a cinya.

"Mene ne wannan yake motsi?" ta tambaya.

"Ke dai ki yi haƙuri, alheri ne."

Abin da ban sani ba, tun a cikin tasi alherin yake ta fitsari. Gindin kwalin ya jiƙe sharkaf, atamfata sabuwa ma haka. Ina ɗaga shi don in kwance igiyar, sai ƙasan ya ɓarke. Fari ya yi gabas, baƙi ya yi yamma.

Wuri ya kaure. Wata mai tsohon ciki ta haye benci da saurin da ban taɓa zaton mai ciki na da shi ba, tana ihu wai gafiya ce. Wata ta zubar da kwanon kununta. Ni kuwa, malamar makaranta, na durƙusa ina rarrafe a ƙarƙashin ƙafafun mutane, ɗankwali ya faɗi, kitsona da ya kwana biyu ya bayyana ga duniya, ina ta kiran "zo nan, zo nan" kamar zomo ya san Hausa.

Baƙin ya kutsa ɗakin likita, na bi shi da rarrafe. Na cafko ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, na ɗago kai sai ga takalmin likita a gaban hancina, ga kuma wata babbar nas ta riƙe ƙugu.

"Madam, nan kasuwa ne?" ta daka min tsawa. "Wa ya kawo dabba asibiti?"

Tsoro ya kwance min harshe. Da muryar da nake tsawata wa yara a filin makaranta na ce, "Sista ki yi haƙuri, na Asabe ne! Ƙawata ce mai neman haihuwa, yau za a yi mata wankin mahaifa, shi ne na kawo mata su don ta yi koyi!"

Don ta yi koyi. Wallahi haka na ce.

Ƙofa a buɗe take. Na waiwaya, sai na yi ido huɗu da Goggo Mairo ta bayan layinmu, wadda ta rako 'yarta awo. Matar da in ta ji magana da hantsi, kafin azahar an ji ta a Nasarawa Gwom. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Likitan, wani dogon mutumin Filato mai sanyin magana, ya karɓi baƙin a hannuna. An riga an kamo farin, ya karɓe shi shi ma. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya gyara tabarau.

"Malama, ina yaro na yi kiwon zomo," in ji shi. "Waɗannan duka biyun maza ne. Matsalarsu ta fi ƙarfin asibitin nan."

Na kasa kallon Asabe, na tabbata amincinmu ya ƙare a nan. Sai na ji wani sauti daga bencin. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, har ta zame ƙasa tana riƙe ciki, hawaye na zuba. Matan layin suka kama, har nas ɗin ta juya baya kafaɗunta na rawa. Da aka kira sunanta, tana dariyar ta shiga.

Da ta fito na durƙusa ina ba ta haƙurin tona mata asiri. Ta ce, "Tashi, kina warin fitsarin zomo. Ni ma na gaji da ƙaryar gyambon nan. Amma daga yau in za ki rako ni, ki zo hannu rabbana. Ki zauna kusa da ni kawai, layin nan yana da tsawo in mutum shi kaɗai ne."

Goggo Mairo ba ta ba ni kunya ba, ta baza labari. Sai dai zomayen sun cinye labarin, kowa ni yake yi wa dariya, aka manta da Asabe. Wasu mata ma a ɓoye suka riƙa zuwa tambayarta sunan likitan.

Aikin ranar bai kama ba. Mun ci gaba da sintiri, ni ce mai riƙe jaka da mayafi, wata rana mu dawo da fara'a, wata rana ta yi kuka a kafaɗata cikin tasi. Sai da aka ƙara wani aikin, bayan dogon jira, Allah ya ba ta 'ya mace. Zomayen ba su ga wannan rana ba, tun a makon farko Malam Garba ya yi farfesunsu, ya aiko min da cinya.

Abin da na koya shi ne, mai jiran rabo ba ta buƙatar hikimarki, kunnenki take so da ɗumin kafaɗarki. In kuma taurin kai ya sa sai kin kai kyauta mai rai, to ki daure ki juya ta ki duba tun a kasuwa.