Ranar da Na Ce Ban San Baba Illa Ba

Ko haƙorana za su zube don tsufa, ba zan taɓa mantawa da shekarar korona ba. Ina ajin ƙarshe a karatun likita aka zaɓe ni in gabatar da bincikena a taron ɗaliban likitanci na ƙasashen duniya, a Turai. Wanda ya fi burge alƙalai za a ba shi gurbin ƙaro ilimi a can. Na ɗinka kwat, na yi fasfo, har na fara yi wa abokaina kallon mutanen da zan bari a baya.

Sai annoba ta rufe filayen jirgi. Aka ce taron ya koma intanet, kowa ya yi magana daga inda yake. Jami'a ma ta kore mu, na dawo garinmu Tajaye da kwat ɗina a leda.

Duk unguwarmu babu inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa sosai sai zauren Baba Illa, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Da na roƙe shi aron zauren, da kansa ya share shi yana ɗingishi, ya aro mini kujera. (Na ga ɗingishin. Na ce a raina sai bayan taro.) Kuskurena, na gaya masa manyan likitocin duniya ne za su saurare ni.

Kan bincikena kuwa: abin da ke sa mutanen karkara jinkirin zuwa asibiti. Ranar taro na shirya tsaf, ina zuba Faransanci ta hanci, ina bayanin jahilci da camfi. Fuskoki a allon kwamfuta suna ta gyaɗa kai. Ina cikin jin daɗin kaina sai na ji sallama a bayana.

A garinmu babba ba ya shigowa kana kan kujera. Sauka za ka yi, ka durƙusa, ka gaishe shi har ya gaji. Ni kuwa ko sallamar ban amsa ba. Baba Illa ya matso da tsohuwar rigarsa ta gona, ya leƙo ta kafaɗata.

"Ɗana, su na likitocin? Tunda Allah ya kawo su, gwada musu ƙahwag ga."

Kafin in motsa ya kwance tsumma, ya ɗaga ƙafar daidai idon kwamfuta. Gyambo ne a babban yatsa, ya yi baƙi. Shugabar zaman, wata farfesa mai furfura, ta tambaye ni ko wane ne wannan.

Da na ce babana ne, da shi ke nan. Amma na dubi rigar, na dubi tsumman, na tuna gurbin nan, sai na yi 'yar dariya na ce da Faransanci, "Ku yi haƙuri, wani tsoho ne daga ƙauye, ban san shi ba. Irin waɗanda nake ba ku labari ne."

Na manta Baba Illa ya yi shekaru yana ci-rani a tashar jirgin ruwa ta Abijan.

Ya sauke ƙafarsa a hankali. Ya gyara tsayuwa, ya gai da matar da Faransancinsa na 'yan dako, ya ce shi ne ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, da hannunsa, nan kuma zaurensa ne. Ta tambayi tun yaushe ciwon yake. Ni ta tambaya. Shi ya amsa, ya ce tun kafin in dawo gida.

"Kada ku ga laifinsa, madam," in ji shi. "Aiki ya yi masa yawa, yana rubutu a kan marasa lafiya."

Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi da na fi samun sauƙi. Farfesar ta ce in rufe kwamfuta in kai shi asibiti yau, ta kira mai magana na gaba.

Na sa shi a mota muka nufi asibitin Ƙonni. Ciwon suga ne, kuma mun makara, sai da aka yanke rabin ƙafar. Gurbin kuwa wata ɗaliba aka ba, ni ko takardar godiya ban buɗe ba. Har yau ina jin haushin annobar nan. Da ta bar ni na hau jirgi, da na yi ƙaryata a can nesa an tafa mini, ba wanda ya sani. (Kun ji irin tunanina. Ƙafar ba ta cikin lissafi.)

Yanzu ina aiki a wani asibiti wajen Malbaza. Darasin da na koya bai taka kara ya karya ba: in za ka yi wa duniya lacca a kan mutanenka, fara duba ƙafar wanda ya share maka zaure. Baba Illa bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk ranar da na je gida na durƙusa gaishe shi, yakan jingine sandarsa, ya dube ni da kyau, ya ce, "Likita, yau ka gane ni?"