Garin da Mai Girma Ya Kai wa Ruwa

Jiya da hantsi ina bin layi da jarkokina a rijiyar maƙwabta, tunda burtsatsen unguwarmu ya mutu tun kafin damina, sai ga ɗan acaɓa da saƙo: ana nemana a ofishin Mai Girma, maza-maza. Jama'a, ni ban yi karatun kwamfuta ba, taɓe-taɓe ne ya koya mini, amma an san ni da shi a Kazaure. Na bar jarkokin na hau, ina rayawa a zuciya yau zan yi maganar burtsatse.

Ashe sababbin kwamfutoci aka kawo, wai na bara sun tsufa. Mai Girma Sarkin Alkawari na zaune ya yi tagumi. Wani wasa na gina gari ya saba yi a tsohuwar kwamfutarsa. Magatakardansa, Muhammadu Lawal, ya kwafi ɗan hoton wasan da ke kan allo ya sa a fulash, a zatonsa garin ya ɗauko. Aka kunna sabuwa, fili fetal.

Na zauna gaban tsohuwar. Shi wasa ba a kan allo yake ajiye inda ka tsaya ba, can cikin wata ɓoyayyiyar folda yake turawa. Na tono ta, na buɗe garin, sai da na yi salati. Kwalta har lungu, asibiti da magani, famfo na zuba a kowace kwana. Wa ya ce bawan Allahn nan ba ya aiki?

Na fita waje na kira maƙwabcina Kawu Daudu a waya, na ba shi labari.

"Goge shi!" in ji Kawu. "In na ƙarya ya rushe, wataƙila ya leƙo na gaske."

"Kawu, amana ce fa."

"Tamu da ya ɗauka fa?"

Na daɗe tsaye a rana. Shin cin amanar wanda ya ci taka zai sa famfo ya kawo ruwa? Ban ga alama ba. Kuma wannan ne kaɗai aikin da ya taɓa kammalawa, ba zan zama sanadin rushe shi ba. Na koma na kwafi foldar a fulash, na ajiye wata a gefe don tsaro, na zuba ta a mazauninta cikin sabuwar kwamfuta. Gari ya dawo, Mai Girma har da tafi.

Na russuna. "Ranka ya daɗe, me ya sa waɗannan suka samu ruwa?"

"Ai ba su da haƙuri, Malam. Ka bar su da ƙishirwa, sai su kwashe kayansu, wasa ya ƙare."

"To, burtsatsenmu..."

"Ku ai mutanen kirki ne. Za a kafa kwamiti."

Na dawo na tarar layi ya wuce ni. Da na ba matata Shatu labari, sai ta ce, "Tunda ka iya kwashe gari guda a fulash, ka kwafe unguwarmu ka zuba masa a kwamfutar mana."

Ina nan ina neman foldarmu. In akwai wanda ya san inda aka ɓoye mu, ya taimaka.