Yadda Za Ka Ɓoye Idonka Ga 'Yarka Mai Koyon Aikin Ido

Duk wanda ya bi matakan nan, na yi masa alkawari zai tsufa ba tare da kowa ya leƙa cikin idonsa ba, ko da a gidansa likitar take kwana. Na gwada, ga ni kuma.

1. San abokin gaba

Wani dare za ka ji siririn gurnani daga ɗakin autarka, kamar mage a cikin tukunya. Ajiye sandar, kwamfuta ce. Leƙa. Za ka ga wani jan wata ya cika fuskar kwamfutar, da jijiyoyi kamar saiwar bishiya. Auta za ta ce, "Baba, bayan ido ne, can inda hoto yake sauka. A nan muke koyon gane ciwo."

2. Tambayi mai idon

Ka ce, "Na wane ne, mu je dubiya?" Za ta yi dariya ta ce ba na kowa ba ne. Ƙirƙirarriyar basira ce ta kalli idanu da yawa, ta zana nata don ɗalibai su koya. Zauna ka yi juyayi. Ido ga ciwo, ga rashin mai shi, ba mai kawo masa ko lemo. Ni a bincikena, marayan ido ya fi saurin ja.

3. Shiga aji

Ja kujera kusa da ita. Ba a binciken wanda ke taya mutum karatu. Yi ta ba idanun tarihi: wannan na direba ne, ya gaji, wancan bai taɓa ganin teku ba, shi ya sa ya bushe. Idan ta nuna wasu ɗige-ɗige rawaya ta ce, "Mai irin wannan, miƙaƙƙen abu a lanƙwashe yake ganinsa, in aka yi jinkiri tsakiyar ganin ta tafi," ka ce Allah sarki, ka tuna shayinka yana hucewa.

4. Tsare naka

Wata rana za ta zo da 'yar fitilarta. "Baba, na gaji da na bogi, ara mini na gaske."

Ka ce naka tsohon yayi ne, ba ya fitowa a jarrabawa. In ta matsa, kama barci. Ba a taɓa samun rufaffen ido da laifi ba.

5. Ɗora wa katako

Idan ƙofar ɗakinka ta fara lanƙwasa a tsakiya, laifin ƙofa ne. Jira yarinya ta tafi asibiti, ka kira maƙwabcinka kafinta. Zai ɗora ma'auni ya ce lafiyarta ƙalau. Ka ce ya fere ta duk da haka. Katako yana da ranakun kasala, musamman in ka dube shi da idon hagu.

Tsame hannu

Marubuci ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Bai ce ka zauna a tsakar gida da yamma ba, Auta na gefenka da kwamfuta a cinya. Bai kuma aiki kafinta ya leƙo ta katanga, da fensir a bayan kunne, ya ɗaga murya ba. Abin da kawai ya sani shi ne Auta ta rufe kwamfutar a hankali, hannunta ya nufi 'yar fitilar, tun mutumin bai kai ƙarshen maganarsa ba:

"Tsoho, ƙofar nan da ka sa na yi ta ferewa har iska na shiga, har yanzu a lanƙwashe kake ganinta?"